Yadda Ɗahiru Ya Koma Bayan Zubairu

Jiya da la'asar ina zaune a ƙofar shago na ji ɗayanku yana cewa wai koyar da kodin, wato rubuta wa kwamfuta umarni, ba sana'a ba ce, hutu ne. Wai ka sayi data, ka kunna wa yara bidiyo, ka miƙe ƙafa kana shan iska. Sauran kuka yi ta gyaɗa kai kamar ƙadangaru. Ban tanka ba, don a lokacin bakina da goro. To yau na furzar, sai ku matso, tunda kun ce ku ma makaranta za ku buɗe.

Ni Sabi'u a nan Dutsin-Ma na koyi aikin nan, a hannun Malam Isiyaku, Allah ya jiƙansa. Shagonsa ɗaki ɗaya ne a bayan tasha, da kwamfutoci irin masu ƙeyar nan waɗanda in za a ɗaga ɗaya sai an kira ƙato. Aikin da ya fara ba ni shi ne in kife maus, in ciro ƙwallon da ke cikinsa, in kankare dattin da farce. Ku ba ku ma san maus ya taɓa yin ƙwallo ba. Daga nan na koma tayar da janareta, sannan buga takardun mutane, sai da ya ga yatsuna sun daina neman haruffa kamar kaza na tsintar tsaba kafin ya zaunar da ni gaban baƙin allo ya ce yau za ka ba na'ura umarni.

Da ya fara bar mini ɗalibai, doka ɗaya ya kafa mini: hannu a baya. Ya ce, "In ka taɓa kibod ɗin ɗalibi, kai ka koya, shi kallo ya yi." Akwai wata ma'aikaciyar jinya da take zuwa mana bayan ta tashi aiki. Rannan ta rubuta ɗan umarninta, ta bar waƙafi ɗaya, na'ura ta ƙi motsi. Ina tsaye a bayanta ina ganin gurbin waƙafin nan kamar giɓi a bakin amarya. Hannuna yana ƙaiƙayi. Malam Isiyaku yana daga can kusurwa yana harara ta ta saman tabarau. Ta karanta, ta sake karantawa, ta yi tsaki, ta ce kwamfutar ce ta lalace. Na ce, "Hajiya, karanta mini jan rubutun nan da ta fito miki da shi, a bayyane." Ta ce ba ta son ganin sa, tsoro yake ba ta. Haka muka yi ta fama har aka kira salla. Da ta gano shi da kanta ta buga wani ihu sai da mai shayin ƙofa ya leƙo. Wannan tsayuwar da hannu a baya, kana kallon mutum yana neman abin da ke gaban hancinsa, ita ce rabin sana'ar. Bidiyo ba ya tsayawa a bayan kowa.

Da na buɗe nawa wurin, darasin ranar farko ba na kunna kwamfuta. Ƙwarya nake kawowa, da fura, da nono a leda, da ludayi. Sai in ce musu, "Yau ni ne kwamfuta. Ba ni da wayo, ba ni da kara, abin da kuka faɗa shi kawai zan yi. Ku sa ni in dama fura." Kullum sai an sami mai rawar kai da zai ce, "Malam, zuba nono." Sai in ɗauki ledar a ƙulle in jefa ta cikin ƙwarya. A yi dariya. Wani ya ce, "Kwance ledar tukuna, sannan ka zuba." In kwance, in fara tsiyayawa a ƙasa, tunda ba wanda ya ce a ina. Su yi ca, "A ƙwarya, Malam, a ƙwarya!" In koma ƙwarya, in yi ta zubawa har ya malalo, don ba a ce in tsaya ba. Nonon da na yi asara a aikin nan, da na tara shi da na yi wa Fulanin Kurfi gori. Amma duk wanda ya ga nono a kan takalminsa ya gane cewa na'ura ba ta san nufi ba, magana ta sani.

Sai maimaici, abin da muke kira lup. A littafi an yi masa bayani da zane mai kibiyoyi, yaro ya kalla ya ce ya gane, ƙarya yake. Ni da shuka nake koyar da shi, don babu ɗalibin da bai taɓa bin babansa gona ba. Sara, jefa iri, rufe da ƙafa, taka gaba. Sara, jefa iri, rufe da ƙafa, taka gaba. Sai in ce wani ya rubuta a allo, wani kuma ya tashi ya bi abin da aka rubuta. Kusan kullum mai rubutun yakan manta ya ce "har ka kai iyakar gona". To mai bin umarni ba shi da izinin tsayawa. Na taɓa bin wani dogon saurayi a baya yana sara yana takawa, ya fita ƙofa, ya tsallake kwata, sai da ya kai gindin mai gyaran babur sannan mai rubutun ya tuna ya rubuta iyakar. Mutanen layi suka ce makarantar Malam Sabi'u ta fara taɓuwa.

Su kuwa masu kawo yara, Allah ya ba ku haƙuri da su. Wani zai kawo ɗansa yau, jibi ya aiko da wayarsa da ta faɗa ruwa wai yaron ya gyara. Wani ma'aikaci ya zo ya ce shi ba shi da lokacin zama, in ba shi takardar shaida kawai ya kai ofis. Wani ya ja ni gefe ya rage murya, wai in koya masa yadda zai riƙa ganin saƙonnin wayar abokin kasuwancinsa. In ka ce ba wannan kake koyarwa ba, sai ya dube ka kamar ka ce kai mahauci ne amma ba ka yanka.

Cikin masu kawo yaran akwai Alhaji Sada na Kurfi, dillalin hatsi, kuma shugaban wata ƙungiyar manoma da ta haɗa mutanen Birchi da Barkiya da Ɗantutture. Mutumin kirki ne, sai dai yana da gaggawa. Shi ya ba ni wani ɗaki a jikin sitonsa ya ce in riƙa zuwa Kurfi ina koyarwa, kada yaransu su yi ta wahalar mota. Ɗansa Kabiru shi ne ɗalibina na farko a can. Ba yaro ba ne, ya gama difloma har ya ajiye gemu. Kan Kabiru kamar maganaɗisu yake. In na rubuta abu a allo, kafin in goge ya haddace shi har da waƙafi. Washegari ya zubo maka shi tiryan-tiryan. Amma ka canja masa kalma ɗaya a tambaya, sai ya tsaya yana kallon silin.

Nakan ce masa, "Kabiru, wannan layin me yake yi?"

Ya ce, "Ai yana aiki, Malam."

"Na ga yana aiki. Me yake yi?"

"Haka ka rubuta shi ranar Talata."

Irin wannan ɗalibin ya fi daƙiƙi wahalar koyarwa. Daƙiƙi ya san bai sani ba. Ranar da muka yi darasin fura, Kabiru waje ya fita, ya ce shi ba wasan yara ya kawo shi ba. Alhaji kuma ya goya masa baya. Ya same ni ya ce, "Malam, na ji an ce fura kuke damawa. Ni fa kwamfuta na ce a koya mashi. In fura ce akwai ta a gida."

Sai muguwar shekara ta zo, wadda aka rufe sabis ɗin waya saboda matsalar tsaro, aka kuma hana sayar da mai a jarka. Wasunku a lokacin kuna sakandare, ku abin da ya dame ku shi ne ba cati. Mu kuwa sana'ar ce ta tsaya cak. Ba mai, ba janareta. Wutar gwamnati kuwa kun san halinta. Kwamfutocina suka zama kujerun ƙadangaru. Ɗalibai suka watse, na ƙauye iyayensu suka hana su hawa hanya, kuma ban ga laifinsu ba. Abin da ya rage mini a Kurfi laftof ɗaya ne, wanda wani mai kemis yake sa mini a solarsa, sai alli da 'yan ɗalibai da ba su cika benci biyu ba. Muka koma rubuta kodin a allo, wani ya zama kwamfuta ya bi layi-layi yana faɗin abin da ke faruwa, sauran suna kama shi in ya yi tsalle. Wanda nasa ya wuce a allo shi ake ba laftof ya gwada kafin caji ya mutu. Wallahi waɗanda suka jure wannan zaman sun fi duk ɗaliban da na taɓa yayewa iya bin diddigin kuskure. Kabiru ba ya cikinsu. Ya ce in wuta ta dawo a aika masa.

A kakar shekarar ne ƙungiyar su Alhaji ta samo injin casar dawa guda ɗaya da zai zagaya gonakin membobi. Kowa yana son a fara da shi, don ba mai son ya bar amfaninsa jibge a daji a irin wannan lokaci. Dattawa suka zauna suka yanke: wanda ya riga yanke dawarsa, kuma gonarsa ta fi nisa cikin daji, shi za a fara yi wa. Magana mai kyau. Alhaji ya ce ai ba sai an sha wahala ba, ga Kabiru ya yi kwamfuta, shi zai jera mutane, kuma na'ura ba ta da ɗan'uwa balle a ce an yi son kai. Ni ina Dutsin-Ma a makon, ba waya balle a tambaye ni. Kabiru ya karɓi laftof wurin mai kemis, ya shigar da sunaye, ya tuno wani darasi da na taɓa rubutawa na jera sunayen ɗalibai, ya zuba shi yadda ya haddace. Abu ya fito tsaf. Aka buga, aka manna a ƙofar sito, injin ya kama hanya.

Darasin nan kuwa da harafi yake jerawa. Ba ruwansa da wanda ya riga yanka, ba ruwansa da nisan gona. Duk wani Abdu da Abubakar da Adamu sai ga shi a sama, har da Abdun da gonarsa ke bayan gari kuma ko lauje bai wasa ba. Su Yahaya da Yusufu da Zubairu suka taru a ƙasa. Da mutane suka fara gunaguni sai a ce musu kwamfuta ce ta fitar, sai su yi shiru, don wa zai yi gardama da abin da bai san yarensa ba?

Ranar da na dawo Kurfi ko jakata ban ajiye ba wani dattijo ya shigo, rawaninsa a warware, ƙafafunsa butu-butu. Malam Ɗahiru ne, daga Barkiya. Bai yi sallama mai tsawo ba.

Ya ce, "Kai ne malamin na'urar?"

Na ce ni ne, Baba, ga wuri.

Ya ce, "Ban zo zama ba. So nake ka hwaɗa mani mi na yi mata. Ni na fara yanke dawa a duk yankinmu. Gonata ita ce ta ƙarshe, daga ita sai daji. An karanta mani takardar can, an ce ni ne ƙarshen kowa. Ko Zubairu yana gabana, shi da ya yanka jiya-jiya. Gara ta cinye dammunan ƙasa. Shekaranjiya shanu sun shiga sun yi yadda suka so. Ni da 'ya'yana muna gadi a wurin da ba mai hankalin da zai tsaya. Mi na yi mata?"

Na fita na duba takardar. Kallo ɗaya na gane darasina, kamar yadda mutum yake gane akuyarsa a gonar wani. Abin da ya sa Malam Ɗahiru ya faɗa ƙasan Zubairu kuwa, na'ura lamba ta ba kowane harafi, kuma haruffanmu masu lanƙwasa lambarsu tana can bayan ta Z. In ba ka gaya mata ba, duk Ɗahiru da Ɗanjuma da Ƙasimu a wutsiya za ta ajiye su. Na faɗi wannan a aji, na sa ɗalibai sun gwada da sunayensu. A ranar Kabiru yana gida yana jiran wuta.

Aka kira Alhaji, aka kira Kabiru. Alhaji ya shigo yana cewa, "Malam, ashe kwamfuta ma tana kuskure?" Na ce, "Alhaji, ba ta yi kuskure ba. Abin da aka ce ta yi shi ta yi." Kabiru ya ce, "Amma fa, Malam, bai nuna jan rubutu ko ɗaya ba. Ya yi aiki." Malam Ɗahiru ya juya ya dube shi sama da ƙasa. Alhaji ya cire hula ya share zufa ya mayar.

Alhaji ya ce in zauna in gyara yanzu-yanzu. Na ce injin dai a aika ya juya Barkiya tun yau, wannan ba ya bukatar na'ura. Jerin kuwa wanda ya ɓata shi zai gyara, in ba haka ba baɗi ma sai an sake. Alhaji ya dubi Malam Ɗahiru, sannan ya juya ga Kabiru. Ya ce wa ɗansa ya hau bayan babur ya bi injin, kuma kada ya dawo sai ya ɗauki dammunan Malam Ɗahiru da kansa ya miƙa wa mai casa.

Da Kabiru ya dawo, wuyansa duk ƙaiƙayin dawa, ban ba shi laftof ba. Na tsayar da ɗalibaina a tsakar ɗaki, kowa na ce kai ne wane, ka yanka ran kaza, gonarka tana wuri kaza. Na ce, "Kabiru, jera su. Mutum biyu kawai za ka duba a lokaci guda, kuma duk abin da za ka yi ka faɗe shi da Hausa kafin ka yi." Ya kamo biyu ya tsaya yana kallon su. Can ya ce, "Malam, da me zan gwada su? Da ranar yanka ko da nisa?" Tun da ya shigo makarantata wannan ce tambayar farko da ya yi mini. Na ce, "Ni na yanke dokar? Je ka tambayi waɗanda suka yanke." Ya tafi wurin dattawa ya dawo da amsa. Ya sake tsayawa ya ce to in mutum biyu sun yanka rana ɗaya fa? Ya sake komawa. Haka ya yi ta safa da marwa tsakanin ajina da rumfar dattawa har suka fara gudun sa. Sai da ya iya jera mutanen da baki ba tuntuɓe, sannan ya rubuta a allo, wata ɗaliba ta zama kwamfuta ta kama masa kuskure har wuri biyu, yana cizon leɓe yana gyarawa. Da ya hau laftof, da kansa ya ƙirƙiro sunaye masu lanƙwasa ya cusa don ya ga inda za su faɗa.

Yanzu kuma ga wannan manhajar da kuke tambaya a waya ta zubo muku kodin shafi guda kafin ku ƙifta ido. Ban ce kada ku yi amfani da ita ba, ni ma ina yi. Amma a da Kabiru sai ya wahala ya haddace kafin ya yi ɓarna, ɗalibanku ko haddar ba za su yi ba. In yaro ya kawo muku aiki, ku sa yatsa a kan layi ɗaya ku ce ya faɗa da Hausa. In ya ce "ai yana aiki", ku rufe na'urar ku tsayar da shi a tsakar ɗaki.

Dawar Malam Ɗahiru dai abin da gara da shanu suka ci ya tafi. Yadda suka ƙare da Alhaji tsakaninsu ne, ban shiga ba. Na ɗauka mutumin nan ko inuwar shagona ba zai sake takawa ba. Sai bayan an buɗe sabis, hanya ta ɗan lafa, ina share kwamfutoci sai na ji sallamarsa. Yana tafe da ɗiyarsa Hadiza, wadda ta gama sakandare a shekarar.

Na ce, "Baba, lafiya? Ko an sake wani jerin ne?"

Ya ce, "Lafiya lau. Ga ta nan, ka koya mata."

Na ce, "Ni da na zaci kun yi hannun riga da na'ura."

Ya gyara sandarsa ya ce, "Malam, na lura abin nan ba inda za shi. Taki da ita za a jera mu, iri da ita, gobe ma asibiti da ita. To in za a sake jera mu, ina son a samu namu zaune a wurin, wanda ya san akwai Ɗahiru a duniya."

Ya juya ya kama hanyar Barkiya. Na nuna wa Hadiza benci, na aika a sayo nono.